Ranar da na amsa tambayar da aka yi wa mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da wayar hannu ta fara shigo mana, ina aiki a Gashuwa, mahaifiyata kuma tana gida Nguru. Ni ne ɗanta na fari, kun kuwa san yadda abin yake a wajenmu: ba ta faɗin sunana, ba ma zama hira mu biyu. In na je gaishe ta, "lafiya lau" ce amsar, ko da a kwance na same ta.

Sai ta fara canzawa. Tana zaune zafi zai taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa ta sharkaf ko da an yi ruwa gari ya yi sanyi. Barci ya ƙaurace mata. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba ta koma faɗa a kan murfin tukunya. Maƙwabta har sun fara cewa a nemo mai ruƙiyya. Ƙanwarta, wadda muke kira Inna, ita ta ja ni gefe, tana kallon ƙasa, ta ce ba iska ba ne, girma ne ya zo, abin da mata ke gani duk wata ne ya ɗauke mata. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Amma ni da shegen son a ce na sani, sai na ɗaura ɗamarar bincike. Wani abokina ɗan kasuwa da ke zuwa Dubai ya ce ai da sauƙi, akwai man shafawa na homon, wato sinadarin da jikin mace ke rage yi in al'ada ta ɗauke. Ya ce wannan ba irin na asibiti ba ne, daga doya da waken suya ake fitar da shi, kuma daidai yake da wanda jiki ke yi, don haka ba shi da illa. Na ji daɗi. Na biya wajen mai kyamis ɗin unguwarmu in ƙara ji, shi kuma ya zaro ido ya ce kul, duk wani homon sankarar mama yake jawowa, Turawan ma sun gudu sun bar shi. Na shiga kafe na yi ta karatu a intanet, injin wuta na ɗaukewa ana tayarwa. Wannan shafi ya ce waraka ce, na gaba ya ce guba ce. Da safe in tashi da niyyar saya, kafin la'asar tsoro ya kama ni.

Daga ƙarshe dai na saya. Sai dai na kasa miƙa wa mahaifiyata, na ce bari mu fara zuwa wajen likitar mata. Gaskiyar magana, ba shawara na je nema ba, so nake likita ta ce yaron nan ya yi karatu.

Muka shiga mu uku, ni da ita da Inna. Mahaifiyata ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Duk tambayar da likita ta yi mata, kafin ta buɗe baki na cafe. Zafin jiki? Akwai. Rashin barci? Sosai. Har na ciro man na ajiye a kan tebur ina bayanin doya. Likita ba ta ko dube shi ba, ta kalli mahaifiyata ta ce, "Hajiya, tun da al'adar ta ɗauke, kin sake ganin jini?"

Na ce, "A'a, babu."

Likita ta ajiye biro ta ce, "Malam, kai a ina ka sani?" Sannan ta ce in ɗan ba su wuri.

Na fito na zauna a benci tsakanin mata masu ciki, kowa na kallona, ni kuwa ina kallon takalmina. Da Inna ta fito idanunta sun yi ja. Ashe an yi watanni jini na zuwa yana ɗaukewa, ko ita Inna ba ta sani ba. Likita ta kira ni ni kaɗai. Ta ce abokina da mai kyamis kowa ya riƙe ɓangare ne: homon yana taimakon mata da yawa, yana kuma da haɗari ga wasu, kuma fitowarsa daga doya ba ta sa ya zama tuwo ba. Mace mai zubar jinin da ba a san dalilinsa ba, in ji ta, ba a fara mata shi sai an duba, don yana iya ƙara wa abin da ke ciki ƙarfi.

Aka yi hoto, aka ga tsiro a mahaifa, aka cire. Da aka gwada, Allah ya taimake mu ba sankara ba ce. Bayan ta warke likita ta ɗora ta a kan abin da ya dace da ita, tana bibiya, barcinta ya dawo. Tana nan da ranta yau, tana korar jikoki daga kan gadonta.

Abin da na koya shi ne, duk karatun da na yi a kan magani ne, ban taɓa tsayawa na tambayi halin mai shan sa ba. Amma ba wannan ne ke sa ni runtse ido in na tuna ba. Na ɗauka kunyar maganar jini ce ta rufe mata baki a gabana. Sai daga baya Inna ta gaya min cewa da na fita, likita ta tambayi mahaifiyata me ya sa ta yi shiru. Ta ce da ta yi niyyar daurewa ta faɗa, ko ina wajen.

"To amma ya riga ya ce babu. Yaya zan ƙaryata shi a gaban mutane?"