Farrazar Bayumi da Ɓaunar Gidansa

Yabo ya tabbata ga Allah, wanda ya ɓoye maiƙo a cikin madara, ya kuma rufa wa bayinsa asiri. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, Bayumi ɗan Shihata shi ne ya fara kawo farraza ƙauyenmu na gefen Mansura, a ƙasar Masar. Na'ura ce da ake juyawa da hannu, a zuba madarar ɓauna ta sama, maiƙo ya fito ta wani baki, ragowar ta wani.

Ya taɓa tambayata asalin sunan. Na ce masa "faraza" a Larabci shi ne ware abu daga abu. Da wannan ƙwayar ilimi Bayumi ya naɗa kansa alƙali. Duk matar da madararta ta yi ƙarancin maiƙo, sai ya ɗaga murya: "Farraza mai ware gaskiya da ƙarya ce, Shaihu ne ya faɗa. Uwar Sabri, wannan ɓaunarki ce ko rijiyarki?"

Ban faɗa ba. Allah shaida ne.

Wata safiya matarsa Nabawiyya ta kawo tata madarar, mata na layi. Ya juya, ya sake juyawa har gumi ya jiƙa rawaninsa, maiƙon da ya fito bai cika cokali ba. Uwar Sabri ta gyara zama ta ce, "To, Baba Bayumi, a karanto mana hukunci, muna saurare."

Ya ga idan ya ƙaryata na'ura ya zubar da girmansa, idan ya gaskata ta kuwa ba shi da wurin kwana. Ya zo mini yana haki.

"Ya Shaihu, duba littattafanka. Kalmar nan ba ta da wata ma'ana mai sauƙi?"

Na ce, "Ma'anarta ware. Ba ta faɗin wanda ya zuba ruwan."

Fuskarsa ta yi haske. Ya koma ya sanar da cewa ɓaunarsa ce ta cika shan ruwan kogi, kuma malamai sun tabbatar. Nabawiyya ta ce, "Haka ne, maigida, ƙishirwa gare ta." Tun daga ranar duk ɓaunayen ƙauyen suka kamu da ƙishirwa, shi kuwa ya ci gaba da juya na'urarsa baki a rufe har ya tsufa.

Allah ya jiƙan Bayumi, ya yafe masa fatawoyin da ya jingina mini, ya haskaka kabarinsa.