Kwamfutocin da Muka Ɗaura wa Zare

Ranar wata Laraba ce, ranar kasuwar Konni, cikin kakar shekarar 1998, motar simintin da Babana ke tuƙawa ta tsaya a ƙofar lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta boko. A bisa buhunan da ya ɗauko daga Malbaza akwai kwalaye shida da wata ƙungiyar Turawa ta gama amfani da su ta bayar, aka roƙe shi ya biyo da su tunda ƴarsa na makarantar. Ina bakin baranda, silifas a tafin hannuwana, don da su nake tafiya tun da shan inna ya taɓa mini ƙafafu. Malaminmu Mushe Garba, kamar yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, sai fara'a yake, baki har kunne, yana cewa kwamfutoci ne na koyon yara. Aka jona ta farko da wuta, shiru. Ta biyu ta yi tari, ta yi ƙaurin roba, ta mutu. Duk shidan babu wadda ta buɗe ido.

Baba mutum ne da zaman bakin iyaka ya koya wa zargi, ko kankana bai saye sai an fasa. Dama bai taɓa yarda da lakwal ɗin nan ba, aji biyu na guragu da kurame a bayan tashar mota. Ya sha ganin baƙi sun zo sun jera mu sun ɗauki hoto sun tafi. "Da ku aka cin tuwo," haka yake cewa. Da yamma ya shaida wa Inna, ni kuma ina ɓarar wake ina ji, cewa in aka gama ɗaure gero akwatunan nan ba su tashi ba, Dogarawa zai mai da ni wurin kakata. Na san Dogarawa sarai. Gurguwa a can aikinta zaman gindin rumbu, korar awaki daga shanyar dawa da saƙar faifai har ido ya mutu. Ina son kakata, amma a lakwal ne kawai nake da ƙawayen carafke, kuma a nan ne kawai ake tambayata abu a jira amsata. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Wanda aka danƙa wa gyaran shi ne Malam Ila mai rediyo, wani siriri mai hular da ta ga jiya ta ga yau. Aikinsa kuwa ko waliyyi ya gani sai ya yi zargi. Ya farke cikin akwatunan duka, ya zaro wasu faranti kore masu ƙananan ƙuraje, ya wanke su da fetur ɗin kwalba da tsohon burushin haƙori, ya shanya a rufin rumfa kamar kilishi. Wasu kuma ya zuba a buhu ya ɗaure a bayan babur, wai zai kai Sakkwato a musanya. Duk zuwan da zai yi sai akwati ɗaya ya koma fanko. Da Mushe Garba ya tambaye shi, cewa ya yi, "Sai an yanka biyar kana guda ta tashi." Wannan magana ta zaga gari, ƴan tasha suka ce ai in an yi yanka akwai mai cin nama.

Ni da Hamza, wani kurma mai idon shaho da muke zama benci ɗaya, muka yanke shawarar tsare dukiyarmu. A gidajenmu in kaji suka cakuɗe da na maƙwabta, zare mai launi ake ɗaura musu a fiffike, kowace mace ta san nata. Na kwashi guntayen zaren saƙar Inna. Lokacin hutun tara, ana can ana rububin ƙosai, Hamza ya hau rumfa yana miƙo mini farantan ina ɗaurawa: ja na akwatin farko, shuɗi na biyu, har muka bi su duka. Washegari Malam Ila ya ɗaga guda yana juyawa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kajin wa na anka ɗarme ma zare?" Bai kwance ba, ya ci gaba da aikinsa yana murmushi, murmushin nan ma ban yarda da shi ba.

An gama ɗaure gero da ƴan kwanaki Baba ya zo da niyyar sa ni a motar haya zuwa Dogarawa. Ya tarar da akwati ɗaya a buɗe kan teburin malam. Da aka ɗora ni kan kujera na leƙa ciki, na ga zare ja da shuɗi da rawaya suna zaune tare. Zare kore da fari da baƙi kuwa ko alamarsu. Malam Ila ya rufe, ya danna, gilashin ya kawo haske, yara suka ɗau sowa. Baba ko gezau. "Wanga talabijin na, an sa mashi kaset." Mushe Garba ya ce in rubuta sunana, Baba ya ce a'a, wannan an iya shirya shi tun jiya. Ya kori malam da mai gyara zuwa bakin ƙofa, ya duƙa ya raɗa mini magana a kunne. Na shiga farautar haruffa da yatsa ɗaya, don ban taɓa taɓa abin ba. Da na gama bai yarda kowa na lakwal ya karanta ba. Titi ya fita, ya tare wani ɗan duwan, wato ɗan kwastan, da zai wuce a kan babur, ya jawo shi har cikin aji. Mutumin ya sunkuya ya karanta da ƙarfi: "Goho mai kunne guda." Sunan jakin da Baba ya yi kiwo yana yaro ke nan, ko Inna ba ta san shi ba. Dariya ta ƙwace wa Baba, ya yi maza ya rufe baki da rawani. Ni ƴar fari ce, ba zai yabe ni a gaban mutane ba. "To, ta zamna," in ji shi. Sannan ya juya wurin Malam Ila: "Sauran biyar ɗin hwa?"

Har Allah ya karɓi ransu su biyun ba su daidaita kan wannan tambaya ba, ni ma ban san gaskiyarta ba. Yau ina aikin buga takardu a wani buro, wato ofis, a Konni, kuma jikokin Baba kowanne da waya a hannu, in ta lalace a jefar a sayi wata, babu mai buɗe cikinta balle ya yi faɗa a kanta. Ina kewar lokacin da abu ɗaya ke isar mu mu goma sha wani abu, muna layi muna gadinsa da ido. Abin da muka yi ta zargi a kansa, shi muka fi so.