Teryo Mai Yaga Tikiti da Farar Rigar Aro

Teryo Dalumpines, mijin ƙanwata Nimfa, ya shekara talatin da shida yana yaga tikiti a tashar jirgin ruwan da ke tsallakawa zuwa birnin Bacolod. Shi kansa sau ɗaya ya taɓa tsallakawa, ya yi amai daga gaɓa har gaɓa, aka dawo da shi kwance kamar buhun shinkafa.

A unguwarmu kusan kowane falo da hoton ɗa cikin fararen kayan ma'aikatan jirgi. Teryo 'ya'ya mata Allah ya ba shi. Sai ya ari kayan ɗan wansa, ya je wurin mai hoto, ya tsuke tumbi, ya ɗaga haɓa. Ya rataya hoton sama da talabijin, ya kuma ɗora a intanet.

Na ce, "Teryo, kyaftin ɗin wane kwale-kwale ne wannan?"

Ya ce, "Manang," wato Yaya, haka shi da Nimfa suke kirana, "ke dai ba ki san abu mai kyau ba."

Wata takwas bayan haka, wata bazawara daga Bacolod ta miƙa masa tikiti, ta dube shi, ta sulale ta zauna a ƙasa. Ashe 'yan damfara sun ɗauke hoton sun sa a shafukan neman aure, sun raɗa masa Kyaftin Marco, wanda matarsa ta mutu, jirginsa ya maƙale a Dubai, ba ya buƙatar komai sai mace tagari da kuɗin fansar kaya. Matar nan ta sayar da injin ɗinkinta ta aika. Bayanta malamar asibiti ta zo, sai wata tsohuwar malamar makaranta da ta biyo shi har gida ta tsaya a ƙofa tana kuka, Nimfa na suyar ayaba a ciki.

Mutum mai hankali kunya za ta kama shi. Teryo sai ya fara rina gashi. Ya sayi turare. Direbobin keke mai ƙafa uku suna sara masa, suna cewa, "Kyaftin, yaushe za a saki jirgin?" shi kuma yana amsawa da hannu a goshi. Duk matar da ta zo, sai ya kai ta rumfar shayi ya lallashe ta awa guda, yana cewa ba shi ba ne, amma da irin muryar da za ka rantse shi ne.

'Yar sandan da aka kai wa ƙara ta ce abu ɗaya zai taimaka: ya ɗauki bidiyo cikin rigar aikinsa mai ruwan lemo, a bakin tashar, ya faɗi sunansa da sana'arsa, a yaɗa. Nimfa ta ce masa a gabana, "Ka yi kafin Lahadi. A kasuwa ana yi mini ba'a da marigayiya matar Kyaftin Marco. Ni ce marigayiyar, Teryo. In an fito coci ba ka yi ba, gidan Manang zan koma."

Ya kira ta da sunan lallashi ya ce, "Haba Inday, shekara talatin muna tare."

Ta ce, "Shekara talatin da mai yaga tikiti. Wannan ban san shi ba."

Ya yi bidiyon ranar Asabar. Ya koma wurin mai hoton nan, ya sake aro fararen kayan, har da hula. Ya zauna gaban labule mai zanen teku, ya dafa ƙirji, ya ce yana ba dukkan matan da suka so shi haƙuri. Maganar tikiti sai can ƙarshe ta fito, a gurguje, kamar mai haɗiye ƙaya.

Na tare shi a tasha na ce, "Rigar lemon taka ta ƙone ne?"

Ya ce, "Manang, rigar nan tana sa ni kama da mai shara. Mutane za su gani fa."

Sun gani kuwa. Cikin mako guda 'yan damfarar suka yanke bidiyon, suka cire muryarsa suka sa wata. Da can hoto kawai gare su, mace mai wayo takan ce a nuna mata fuska tana motsi. Yanzu ga Kyaftin Marco yana lumshe ido yana dafa ƙirji, kyauta, Teryo ne ma ya biya mai hoton.

Nimfa ba ta jira a fito coci ba. Tun da safiyar Lahadin nan ta iso gidana da akwati ɗaya da kaskon suyarta. Wata biyar ke nan, a ƙofata take sayar da ayaba.

Yana zuwa duk Laraba da ledar kifi, ya tsaya bakin shinge yana kiran Inday. Tambaya ɗaya take aiko ni da ita, ko ya sauke hoton daga bango. Sai ya dubi ƙasa ya ce firam ɗin mai tsada ne. Nakan karɓi kifin in rufe ƙofa.