Kwalin Dattijon Gareji

Mai a-kori-kura yana zaune a kan tsohuwar taya, ransa a jagule. Motarsa ta ƙi wuce giya biyu, kuma gareji uku sun ce masa sai dai a sauya akwatin giyar ɗungurungum. Da motar nan yake riƙe gidansa.

Dattijon makaniken da aka turo shi wurinsa ba mai yawan magana ba ne. Gajere ne, gemunsa fari fat, tabaransa ɗaure da wayar wuta. Ya dangwalo man giya, ya shinshina, ya murza a yatsa.

"Bai ƙone ba, ɗana, giyarka ƙalau take. Solanoyid ne ya mutu, ɗan abin da ke buɗe wa mai hanya in mota za ta sauya giya."

Kafin ya shiga ƙarƙashin motar, sai ya zana hoton farantin da ke rufe ƙasan akwatin giyar a jikin kwali, ya huhhuda shi. Duk notin da ya kwance, yana soke shi a gurbinsa a jikin kwalin, don dogo ba ya zama a mazaunin gajere. Mai motar yana kallon hannuwan nan masu tabo, yana raya wa ransa cewa wani noti ɗaya ya taɓa kunyata mutumin nan, ya rantse ba za a kuma ba.

Ya sa sabon solanoyid, ya mayar da komai, ya zuba mai. Suka zaga da motar: giya biyu, uku, huɗu, sumul.

"Baba, Allah Ya saka da alheri!"

Dattijon ya ɗaga kwalin sama, rana tana ratsa kowace huda.

"Duba nan. Shekara arba'in, noti bai taɓa yi mini saura ba."