Rana ta Huɗu

Shekara tara da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba, sai muka je wani asibiti mai nisa inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a ɗakin gwaji, daga baya a dasa a mahaifa. Uku suka haɗu. Likitar ta ce in koma gida in huta, in sun kai kwana biyar za a ajiye su cikin sanyi har jikina ya shirya.

Na dawo gidana a Gesse na zama mai gadin waya. Ko wanka zan shiga, tana kan bokiti.

Rana ta uku likitar ta kira ta ce biyu sun daina girma, saura ɗaya. Ta turo hotonsa: ya kasu ƙwayoyi takwas, kowace da iyakarta, kamar curin fura a ƙwarya. Ni da ba na haƙuri da bayanin likitoci, ranar na ce ta faɗa mini komai. Ta ce gobe ake so su rungumi juna har iyakokin su ɓace, su buɗe 'yan ƙofofi a tsakaninsu suna miƙa wa juna saƙo. Na ce irin ƙofar da maƙwabta ke hudawa a katanga don aron gishiri? Ta yi dariya ta ce kusan haka. Daga wannan haɗuwar ake fara rabon aiki, waɗansu su zama jariri, waɗansu mabiyiya.

Maigidana ya daɗe yana kallon hoton, ya ce wai ta gefen dama ta ɗebo goshinsa. Na ce Allah ya sawwaƙe.

Rana ta huɗu ba su haɗu ba. Ta biyar ma haka, kowace na zaune ita kaɗai. Likitar ta ce shi ma ya tsaya ke nan, babu laifina, babu na kowa. Na ji haushinsu, wallahi. Takwas kacal, ɗaki ɗaya, a ce an kasa gaisawa!

Abin da ya fi ci mini rai, rashin ba shi da suna. Ba ɓari ba ne, tunda bai shiga jikina ba. Maƙwabta suna shigowa da "sannu da hanya", ina amsawa kamar wadda ta dawo daga biki.

Inna ta zo daga Gulma, ƙafarta duk taɓon fadama.

"Mi likita tac ce, ɗiyata?"

Na nuna mata hoton, na kwashe duka na faɗa mata. Ban san nawa ta gane ba. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta ƙirga su da baki har takwas. Sai ta sauka daga kujera, ta gyara lulluɓi, ta zauna kan tabarma a gabana yadda ake zama a gidan makoki.

"Ya haƙuri?" in ji ta.

Na buɗe baki in ce da godiya, kuka ya riga ni.