Gida Biyu a Maraɗi

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, kwana goma sha ɗayan da na yi a Maraɗi ina nema wa kawuna gida ba za su fita ba. Ban taɓa shiga ruɗani irin na wannan tafiya ba.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, ina koyarwa a wata firamare a Kiru. Kawun nawa, ƙanin mahaifiyata, mutumin Tudun Wada ne, yana fataucin masara zuwa Nijar. Ya gaji da sauka a gidan mutane da jibge buhunansa a rumfar aro, sai ya sayar da shanunsa don ya mallaki gida a can. Ana gab da tafiya ya faɗo daga bayan mota ya karye a cinya.

Da na je gaishe shi, ya ce, "Kai ne ka yi boko, kai za ka je. Duk takardar da suka miƙo maka, ka karanta da kyau."

Na ce, "To, Kawu." Har da ɗan jin kai. Ko kaɗan ban tuna cewa bokon can ba irin namu ba ne.

Dillalin da aka haɗa ni da shi gida biyu ya nuna mini. Na farko sabo ne fil a bayan gari, ginin bulo, rufin kwano, har warin fenti yake yi. Wani attajiri ne ya gina su huɗu iri ɗaya don sayarwa, ba kowa a cikinsu. Na biyu tsohon ginin ƙasa ne kusa da kasuwa, da faffaɗan zaure da rijiya. Mai shi ya rasu, magada ke son rabuwa da shi, amma akwai wata tsohuwa, yayar mamacin, zaune a ɗakin baya. Kuɗin gidajen kusan ɗaya.

Nan fa kaina ya kulle. Mai masaukina ya ce sabon zan saya, tsohon gida kullum cikin yaɓe ake. Wani mai shayi ya ce kada in kuskura, ginin sayarwa yashi ne ya fi siminti yawa. Da safe in tashi da sabo a raina, kafin la'asar na koma tsoho. Na ba wani direba saƙo zuwa Tudun Wada, bayan kwana huɗu ya kawo mini amsar Kawu: "Ka sayi wanda ya fi." Na yi ta juya maganar nan kamar zan yi kuka.

A ƙarshe fenti ya rinjaye ni. Na ce wa dillali sabon nake so, a kawo takardu. Ya miƙo mini wata mai tambari har uku, na duba sama na duba ƙasa, Faransanci ne zalla. Kunya ta hana ni cewa ban iya ba, na riƙa gyaɗa kai kamar ina karantawa. Allah ne ya taimake ni na ce a ba ni zuwa gobe.

Na nemi wata makaranta na sami ɗan'uwana malami, a can mushe suke ce musu. Ya karanta a hankali, ya ɗago ya ce, "Malam, wannan ai takardar fili ɗaya ce, kuma gida huɗu ke kansa. Ba a raba ba tukuna. Wanne za a ce naka ne?"

Na nufi tsohon gidan, na durƙusa na gaida tsohuwar, na tambaye ta takardar gidansu. Ta yi dariya har da tari.

"Wace takarda, ɗan nan? Kakanmu ya gina. Ka tambayi mai unguwa, ka tambayi liman, kowa ya sani. Amma ka ji, magada bakwai ne, ɗaya yana Abijan, ba a ji bakinsa ba. Ni ma ba wanda ya tambaye ni inda zan koma."

Ga gida mai takarda, takardar ba ta ce komai a kaina ba. Ga gida mai shaidu, shaidun ba su cika ba. Na zauna a bakin rijiyar na rasa abin da ke mini daɗi. Shanun Kawu ne ɗaure a ƙuguna, garken da ya shekara ashirin yana tarawa. Washegari na hau mota na dawo da kuɗin yadda na tafi da su.

Na isa Tudun Wada ranar kasuwa, na shiga ɗakinsa kaina a sunkuye, na kwance ɗaurin na ajiye a gabansa, na zayyana masa komai. Ina jiran faɗa, sai ya ce, "Babbar mota tana isa ƙofar wanne?"

Kwana goma sha ɗaya ina ƙwanƙwasa bango ina leƙa rufi, ban taɓa duba hanya ba.

"Tsohuwar fa, wa take da shi?"

Na ce, "Da alama ba kowa, Kawu."

Ya jima yana kallon ƙafarsa, sannan ya ce, "Da ka saya, da yau ba mu gaisa ba. Allah ya yi maka albarka."

Bayan ya warke ya tafi da kansa. Ya jira wata biyar har magajin nan na Abijan ya zo, aka taru gaban mai unguwa da liman, aka rubuta takarda, mushen nan ya karanta masa ita da Hausa kafin ya dangwala. Tsohon gidan ya saya, ko da yake mota ba ta shiga lungun, da amalanke ake ƙarasa da buhuna. Ya ce tsohuwar ta zauna a ɗakinta. Ita ta riƙe masa mabuɗi, ta tsare masa masara duk lokacin da ya dawo Tudun Wada, har Allah ya karɓi ranta, shi ya yi mata sutura.

Har yau ban san ko sabon gidan ya zama alheri ga wanda ya saye shi ba. Abin da na koya dai shi ne, a ƙasar da ba taka ba, sabunta ko tsufan gini shi ne ƙaramin abin dubawa. A fara da sanin wa ke da hakki a ciki, wa kuma zai tsaya maka ranar da ba ka nan. Kuma tun daga lokacin, in an miƙo mini abin da ban iya karantawa ba, ba na gyaɗa kai. Cewa nake yi ban iya ba.