Hannun da Ya Koma Naɗa Rawani

Assalamu alaikum jama'a. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa Sale ya yi fushi, da masu cewa wayarsa ta faɗa rijiya, duk ku huta. Ciwo na yi, kuma da yatsun hannun damana nake rubuta muku wannan.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai naɗa wa dagacin garinmu rawani, can ƙasar Gwiwa. Babana ya naɗa wa babansa, ni ma shekara ashirin da 'yan kai ina naɗa masa. Ina noma, amma da wannan aka san ni.

Bara waccan aka auna ni a Kazaure aka ce ina da hawan jini. Na sha magani wata guda, na ji garau, na watsar. Na ce ni da nake huɗa tun safe har azahar, wane irin hawan jini? In ƙeyata ta yi nauyi sai in tauna tafarnuwa in ce rana ce.

Wata Juma'a da hantsi ina tsaye kan dagaci, na kai zagaye na uku, sai rawanin ya suɓuce mini. Na sunkuya in ɗauka, hannun dama ya ƙi. Na buɗe baki in ba da haƙuri, na ji kamar an cusa mini tuwo.

Dagaci ya ɗago ya dube ni. "Sale, bakinka ya karkace. Kai, ku nemo mota!"

Daga asibitin Kazaure aka tura mu Kano hoton ƙwaƙwalwa. Raguna biyu da nake kiwo suka tafi a nan.

Likita bai yi mini kwana-kwana ba. "Malam, shanyewar ɓarin jiki ce. Maganin da ka bari ne ya kawo ka."

Kwana goma sha ɗaya a gado. Awo safe da yamma, ƙarin ruwa, allura. Maiɗakina Talatu ke ba ni kunu da cokali, rabi a baki rabi a riga.

Na ji tsoron mutuwa, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi cina shi ne ranar Juma'a. Hantsi na yi sai in ce, yanzu wani na can tsaye a wurina. Sai in juya bango in yi kuka, da gemuna da komai.

Da aka sallame ni, sau biyu a mako ake kai ni Kazaure gashi, wato motsa gaɓoɓi a asibiti. Ran farko na ce wa likitan gashin, "Kafin Sallah nake so in koma aiki."

Ya yi dariya. "Malam, Sallah ta yi mana nisa. Kullum da safe ka ƙulla niyya ɗaya, 'yar ƙarama, wadda za ka cika kafin magariba. Ta yau, gyaɗa goma daga faifai zuwa kwano."

Raina ya ɓaci. Ni, gyaɗa? Na gwada. Uku na iya.

To, haka muka kama. Bayan sallar asuba in ce, yau zan ɗauki gyaɗa biyar. Wata rana, yau zan ɓalle maɓallin rigata da kaina. Wata rana taku ashirin zuwa bakin zaure.

Akwai ranar da na ce, yau ba zan yi wa Talatu tsawa ba. Wallahi wannan ta fi gyaɗa wuya, sai a kwana na huɗu na cika ta. Ita da ke wanke ni, ita nake hucewa a kanta. Na ji kunya ƙwarai.

Lokacin da aka fara yankan gero, na sa ta kifa mini tulu a kan turmi, na ɗauko tsohon rawanin babana. In naɗa ya warware, in naɗa ya warware. Ranar da ya zauna, Talatu ta zo ta durƙusa gaban tulun.

"Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?"

Na yi dariya har da tari. Rabona da dariya tun kafin Kano.

Juma'ar da ta wuce niyyata ita ce in je in gaida dagaci kawai, in dawo. Na dogara sandata na shiga zaure. Na tarar da Iro, ƙanen dagaci, wanda ke naɗa masa tun da na kwanta, riƙe da rawani. Na zube na yi gaisuwa.

Dagaci ya ce, "Iro, miƙa masa."

"Ranka ya daɗe, hannun bai gama..."

"Na ce miƙa masa."

Na karɓa na fara naɗi, gumi na zuba. Aikin da nake gamawa kafin a shanye kofin shayi, sai da ladan ya yi kiran farko. Na ja amawali ƙarƙashin haɓarsa, na soke, na ja baya.

Dagaci ya girgiza kai dama, ya girgiza hagu. Rawani ko gezau.

"Alhamdu lillahi! Tun da ka kwanta nake sujada ina tsoron kada rawani ya riga ni ƙasa. Yau zan yi sallah hankali kwance."

Zaure ya kwashe da dariya, har da Iro. Ni kuwa hawaye.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci, da ku da kuka yi ta addu'a. Talatu, Allah ya biya ki da Aljanna.

Don Allah in an ce kana da hawan jini, ka sha maganinka ko kana jin ƙarfi kamar bijimi. In ka ga bakin mutum ya karkace ko hannu ya saki, kada a tsaya shafe-shafe, a nufi asibiti a take. Mai jinya kuma ya bi a hankali, abu ɗaya a rana ya isa.

Shekara ashirin ban bar kowa ya tsaya kusa ya ga yadda nake soke rawani ba, don kada a ƙwace mini wuri. Niyyata ta gobe, in Allah ya kai mu, in kira Iro in koya masa.